Sikelin Auduga da Karatun Yaro

Tun zamanin Turawa kamfanin BCGA ya kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi, jirgin ƙasa kuma a lokacin yana kwasar auduga daga tashar Funtua, ta bi teku zuwa masaƙun Ingila. A kasuwar wancan lokaci, abu biyu malamin auduga yake dubawa: nauyi a sikeli, da lambar inganci, ɗaya ko biyu ko uku. Rumbunka da hatsi ko babu, gonarka ta gaji ko ba ta gaji ba, wannan bai dame shi ba. Halin jari-hujja ke nan, abin da zai aunu ya sayu shi kaɗai take gani.

Malaman gona sun daɗe suna cewa a shuka auduga zalla, kuma da wuri. Manomi kuwa sai ya gama da gero da dawa, ya yi noman fari, kana ya waiwayi auduga cikin watan Yuli. Aka ce taurin kai ne. Sai da David Norman na cibiyar binciken noma ta Samaru ya bi manoman ƙauyukan Zariya a shekarun 1960, ya tarar lissafinsu daidai ne. Hannun aiki kaɗan ne a tsakiyar damina, ciki kuma shi ne gaba. Haɗa dawa da gero da wake a gona ɗaya yana rage asara in ruwa ya yi gardama. Manomi gidansa gaba ɗaya yake kallo, kamfani kuwa buhu kawai. Wannan kallon abu a dunƙule, da lura da yadda sassansa ke ɗaure da juna, shi masana suke kira tunanin tsari.

Makarantunmu yau sun zama kasuwar auduga. Sikelin shi ne WAEC da NECO da JAMB, lamba ɗaya kuwa kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Makarantar kuɗi da sakamako take talla, don haka malami sai ya ɗura wa yara tsofaffin tambayoyi su haddace ba fahimta. In hakan bai isa ba, a nemi cibiyar da ake satar amsa. Takarda ta yi kyau, amma yaro ba ya iya rubuta wasiƙa.

Masanin Rasha Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya ce yaro yana koyo ne ta hanyar yin aiki tare da wanda ya fi shi, har ya iya shi kaɗai. Manomin auduga bai karanta shi ba, amma haka yake yi: ɗa ya bi uba gandu, in hannunsa ya faɗa a yanka masa gayauna. Ya kuma san yabanya ba ta yin kyau don iri kaɗai, sai ƙasa da taki da ruwa da noma a kan kari sun haɗu. Haka karatu yake. Yaron da ya zo aji ba karin kumallo, yarinyar da talla ta cinye mata yamma, ajin da ya cika maƙil, darasin da ake bayarwa da Turanci ga mai tunani da Hausa, malamin da albashi bai kai shi ƙarshen wata ba, duk suna cikin sakamakon da ake ɗora wa yaro shi kaɗai.

Jarrabawa tana da amfaninta, ba a ce a soke ta ba. Amma uban da ke zagaya gonarsa kowace safiya, bai kamata ya jira ranar karɓar sakamako ba kafin ya leƙa ajin ɗansa, ya zauna da malami, ya kuma sa yaron ya bayyana masa da Hausa abin da aka koya masa yau.