Bronny James: Ɗan wasan da ake aunawa da ma'aunin mahaifinsa

A ranar 22 ga Oktoba, 2024, LeBron James da ɗansa Bronny suka shiga fili tare sanye da rigar ƙungiyar Los Angeles Lakers a karawarta da Minnesota Timberwolves. Wannan ne karo na farko a tarihin gasar ƙwallon kwando ta Amurka, NBA, da uba da ɗa suka buga wasa ɗaya tare. Bronny bai kai minti uku a fili ba, kuma bai ci maki ko ɗaya ba, amma washegari labarinsa ne ya mamaye kafofin wasanni.

Cece-ku-cen da ke biye da matashin ya samo asali ne daga yadda ya shigo gasar. Kowace shekara ƙungiyoyin NBA na zaɓar sababbin 'yan wasa bi da bi, a zagaye biyu. A zaɓen 2024 Lakers ta ɗauki Bronny a matsayi na 55 cikin 58, wato dab da ƙarshe. Mahaifinsa kuwa shi ne na ɗaya a 2003, ya lashe kofin gasar sau huɗu, kuma a Fabrairun 2023 ya zarce Kareem Abdul-Jabbar ya zama wanda ya fi kowa yawan maki a tarihinta.

Masu suka na cewa alfarma ce kawai. Hujjarsu ita ce a kakar da ya yi a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, matsakaicin makinsa bai kai biyar ba a kowane wasa, amma ya samu kwantiragin shekara huɗu na kusan dala miliyan 7.9. Zargin yana da makama, domin LeBron ya daɗe yana bayyana burinsa na buga wasa tare da ɗansa.

Sai dai alƙaluman jami'ar ba su faɗi komai da komai ba. A Yulin 2023 zuciyar Bronny ta tsaya ana tsaka da atisaye, yana da shekara 18, likitoci kuma suka gano lalura ce da aka haife shi da ita. Bai koma wasa ba sai a Disamba. Ban da haka, wanda aka ɗauka a matsayi na 55 ba a cika sa masa ran zama tauraro ba. Da yawansu kan ɓace daga gasar ba tare da kowa ya lura ba. Shi kuwa kowace ƙwallon da ya ɓarar sai ta zagaye intanet.

A kakarsa ta farko ya riƙa kai-komo tsakanin Lakers da ƙaramar ƙungiyarta, South Bay Lakers, wadda ke buga gasar G League inda ake renon matasa. A can ya fi samun lokaci, makinsa ma ya ƙaru sosai. A Maris 2025 ya ci maki 17 a wasan NBA da Milwaukee Bucks.

'Ya'yan 'yan wasa ba baƙi ba ne a NBA. Stephen Curry ya yi wa mahaifinsa Dell fintinkau, haka ma Kobe Bryant da mahaifinsa Joe, sai dai iyayen nasu ba su kai ƙololuwa ba. 'Ya'yan Michael Jordan biyu, Jeffrey da Marcus, a jami'a wasansu ya tsaya. LeBron kansa ya taɓa cewa yana nadamar raɗa wa ɗan sunansa.