Allurar faifai ta dala 10,000: ana saye sau ɗaya, ana biya kullum

Waɗanda suka riski zamanin garmaho sun san allurarsa ta ƙarfe ce, ana sayar da ita cikin ɗan gwangwani, guda 100 ko 200. Ƙa'idar masu ƙera ta ita ce a sauya bayan kowane gefen faifai, ko da yake mutane kan yi ta lallaɓawa da guda ɗaya har sai sauti ya dushe. Ba wanda ya taɓa lissafa allura cikin kadarorinsa. Abu ce mai ƙarewa, kowa ya san da haka.

Yau faifai ya farfaɗo a Turai da Amurka da Japan. Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, ta ce a 2022 an sayar da faifan roba miliyan 41 a ƙasar, na CD kuwa miliyan 33, karo na farko da tsohon faifai ya wuce CD tun 1987. Tare da wannan farfaɗowa kasuwar allura mai tsada ta buɗe. Kamfanin Clearaudio na Jamus yana da wata mai suna Goldfinger, jikinta zinare ne, kuɗinta ya haura dala 15,000. Lyra na Japan yana da Atlas, ita ma tana wajen dala 10,000 zuwa sama. Masu saye da yawa suna ɗaukar irin wannan kaya tamkar agogon zinare da za a bar wa 'ya'ya. Alhali kuwa ba abin da ya raba ta da allurar gwangwani sai tsawon kwana. Ita ma ƙarewa take yi, kuma tun daga ranar da ta fara taɓa faifai.

Abin da ake saye ɗin ba allura tsirararta ba ce. Wani ɗan akwati ne da bai wuce kan ɗan yatsa ba, ana ɗaure shi a bakin hannun na'urar juya faifai. Mu kira shi kan allura. A ƙasansa akwai siririn tsinke, a bakin tsinken an kafa ƙwayar lu'ulu'u da ido bai cika ganinta ba. Lu'ulu'un yana bin tsagin faifai, tsagin yana kaɗa shi hagu da dama, sama da ƙasa, tsinken ya kai wannan motsi cikin akwatin, inda maganaɗisu da naɗin waya suke mayar da shi 'yar wutar lantarki. Wannan wuta ce amfilifaya ke ƙarfafawa har ta fito a lasifika. A gindin tsinken akwai 'yar roba da ke riƙe shi, tana ba shi damar motsi tana kuma dawo da shi mazauninsa. A riƙe zancen robar nan, za mu dawo kanta.

Mutum zai ce ai lu'ulu'u ya fi komai tauri, ta yaya roba za ta cinye shi? Amsar tana cikin nisan tafiyar. Faifai yana juyawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya, gefe guda kuma yana ɗaukar kamar minti 20. Idan aka warware tsagin gefe ɗaya aka miƙe shi, zai haura mita 400. Sauraron awa 1,000 ke nan ya sa allura ta ja jiki fiye da kilomita 1,200, abin da ya ɗara nisan Kano zuwa Legas. Nauyin da ke kanta giram 2 ne ko kusa da haka, amma ya taru ne a wuri ɗan mitsitsi, ga ƙura a cikin tsagin tana aikin wasa wuƙa. Sannu a hankali gefen lu'ulu'un ya goge, ya yi fili mai kaifin baki. Daga nan ba sauti kaɗai ke lalacewa ba, allurar ta fara aske faifan kansa, kuma abin da aka aske ba ya dawowa.

Kamfanonin ba su ɓoye wannan ba, sai dai ba a jikin kwali suke rubutawa ba. Ortofon na Denmark, wanda aka kafa tun 1918, yana cewa idan an kula da allura za ta yi awa 1,000 ba tare da sautinta ya ragu ba, kuma tana iya kaiwa wajen awa 2,000 kafin ta gama aiki. Audio-Technica na Japan ya rarrabe nasa lissafin bisa yankan lu'ulu'un: mai zagayayyen baki kamar awa 500, mai siffar ƙwai 300, yankan Shibata 800, siririn yankan da suke kira MicroLine kuwa 1,000. Mai sauraron faifai awa 2 kullum zai cinye awa 1,000 kafin shekara ɗaya da rabi.

Yanzu a yi lissafi. Kan allura na dala 10,000 da ya yi awa 1,000 ya ci dala 10 a kowace awa. Faifai ɗaya mai minti 40 ya tashi kusan dala 7 duk lokacin da aka saurare shi. Ko an ja shi zuwa awa 2,000, dala 5 ce a awa. A ɗaya ɓangaren, Audio-Technica yana da kai mai yankan MicroLine a jerin VM95 da bai kai dala 200 ba, awarsa ba ta kai santi 20 ba. Lu'ulu'un mai tsada ba ya ninka na mai araha kwana sau 50 don kuɗinsa ya ninka sau 50. Sau da yawa ma daga hannu ɗaya suka fito, domin kamfanonin da ke yanka lu'ulu'un allura da tsinkenta a duniya 'yan kaɗan ne, irin su Namiki da Ogura a Japan da Fritz Gyger a Suwizalan, kuma manyan sunaye da dama a wurinsu suke sayayya.

Abin da ya fi tsawon kwana muhimmanci shi ne abin da ke faruwa ranar da allurar ta ƙare, kuma a nan ne kawunan suka rabu gida biyu. Akwai wanda maganaɗisu ne ke manne da tsinke yana motsi, naɗin waya yana zaune daram. 'Yan kasuwa suna rubuta shi MM. Irin wannan, allura da tsinke da roba duk suna cikin wani ɗan marfi da ake zarewa da yatsu biyu a sa sabo, ba makaniki ba komai. A jerin 2M na Ortofon ma mutum yana iya sayen Red, in allurarta ta ƙare ya sa ta Blue a jiki guda, ya hau mataki ba tare da ya sake kai ba. Haka jerin VM95, duk allurarsu suna shiga jikin juna.

Ɗaya gidan kuwa, MC, naɗin wayar ne ke bisa tsinke yana motsi. Ya fi sauƙin nauyi, don haka ya fi saurin bin ƙananan lanƙwasar tsagi, kuma kusan duk kawuna masu tsadar gaske daga wannan gida suke. Amma wayar, wadda ta fi gashi siranta, a haɗe take da cikin akwatin. Ba a zare komai. In allura ta ƙare, kan gaba ɗaya ne zai yi tafiya.

Tafiyar hanya biyu gare ta. Ko dai a mayar wa kamfanin da ya ƙera, ya sake gina cikinsa ko ya karɓi tsohon ya ba da sabo da ragi, wanda galibi kuɗin yakan kai rabin farashin sabo ko fiye. Ko kuma a kai wa masu sana'ar dasa allura, irin su Soundsmith na Peter Ledermann a jihar New York ko gidan van den Hul a Holan, waɗanda kan yi aikin a kan 'yan ɗaruruwan daloli. Hanya ta biyu ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma gwanayen cikinsu aikinsu ba ya da makusa. Sai dai tana da nata haraji. Idan tsinken da aka dasa ba irin na asali ba ne, sautin yana iya sauyawa, kan da aka saya don muryarsa ya dawo da wata murya. Wasu kamfanonin kuma ba sa karɓar kan da wani hannu ya buɗe. A kasuwar na-hannu ma darajarsa faɗuwa take. Ga jira: makonni, wani lokaci watanni, na'ura tana zaune ba baki, shi ya sa masu irin wannan kaya kan ajiye kai na biyu, wanda shi ma kuɗi ne.

A ce mutum ya sayi na dala 5,000, yana sauraro awa 2 kullum, yana kai shi kamfani duk bayan awa 1,500 a kan rabin farashi. Cikin shekara 10 ya saurari awa 7,300, ya yi gyara sau 4, ya biya dala 10,000 bayan ta sayen farko. Kuɗin da ke jikin kwali sulusi ne kawai na abin da ya fita daga aljihunsa.

Ba a nan kashe kuɗin ya tsaya ba. Kan MM yana fitar da wuta kamar milibolt 3 zuwa 5, MC mai tsada kuwa sau da yawa bai wuce 0.2 zuwa 0.5 ba. Amfilifaya na gama-gari ba zai ji shi ba sai an sa masa wata na'urar ƙarin ƙarfi ko ƙaramar taransifoma a tsakani, kuma mai araha a cikinsu tana zuwa da huci da ke binne duk kyan da aka biya kuɗi dominsa. Hannun na'urar shi ma dole ya dace da nauyin kan da taurin robarsa. Sannan siririn yanka irin na Shibata, wanda Norio Shibata na kamfanin JVC ya fito da shi a farkon shekarun 1970, ba ya yafe kuskuren saiti: ya ɗan karkace kaɗan, sai ya yi sauti ƙasa da na mai zagayayyen baki, ya kuma ci ta gefe ɗaya. Wanda ya ɗora kai mai tsada a kan na'ura mai rauni ya sayi abin da ba zai taɓa jin sa ba.

Akwai kuma tsautsayi, wanda ba ya cikin lissafin kowa. Tsinken alminiyam in ya gamu da hannun riga ko tsumman goge ƙura lanƙwashewa yake, na boron da na yaƙutu da ake sa wa masu tsada kuwa karyewa suke nan take. Garanti ba ya ɗaukar wannan. Gidan da ke da yara ƙanana ya san sauran bayanin.

To, shin duk tsadar yaudara ce? A'a. Araha ba ta ado, kuma wanda ya saurari kai mai kyau a kan na'urar da aka saita daidai zai ji bambanci: muryoyi suna rabuwa da juna, ƙarshen faifai inda tsagi ya matse ba ya shaƙewa, harafin "s" na mawaƙi ba ya tsartuwa. Akwai aikin hannu na gaske a ciki. Yoshiaki Sugano, wanda ya kafa Koetsu, ya shahara da naɗa waya da hannu da kuma sassaƙa jikin kai daga katako da duwatsu masu daraja. Abin da nake ja a kai shi ne girman ribar. A ganina, tsalle mafi girma yana tsakanin allurar da ke zuwa da na'ura kyauta da ta 'yan ɗaruruwan daloli mai kyakkyawan yanka. Daga nan zuwa dala 1,000 ko 2,000 akwai ƙari da kunne ke kamawa. Abin da ya wuce haka, kuɗi yana ninkawa, ƙarin kuwa sai an kasa kunne a ɗaki shiru kafin a ce ga shi. Mai hali ya saya, ba laifi, amma ya saya da sanin cewa yana biyan kuɗin jin daɗi ne na awa-awa.

Wani abin dubawa shi ne ko mai ƙera kan zai kai lokacin da za a neme shi. Shure na Amurka, mai jerin V15 da ya yi tashe tun 1964, ya daina yin kayan faifai a 2018. Masu V15 sun tsira ne saboda MM ne, kuma kamfanin JICO na Japan yana yi musu allurar maye. Da yawa daga cikin kawuna mafi tsada kuwa ƙananan gidaje ne ke yin su, inda mutum ɗaya ko biyu suka iya aikin. In tsufa ya zo ko aka rufe shago, alkawarin gyara ya tafi da su. Kishiyar wannan shi ne Denon DL-103, wanda aka ƙera tare da gidan rediyon Japan, NHK, a farkon shekarun 1960, kuma har yau ana yin sa a kan 'yan ɗaruruwan daloli. MC ne, amma in ya ƙare sayen sabo bai fi gyara ciwo ba, kuma masu dasa allura sun san cikinsa ciki da bai.

Ga wanda ke zaune a ƙasashenmu yana riƙe da faifan Shata ko na Ɗan Maraya Jos da ya gada, lissafin ya ƙara nauyi. Robar nan ta gindin tsinke tana tsufa ko ana amfani da kai ko yana cikin kwali, kuma zafi yana gaggauta ta. In ta bushe ko ta saki, kan ya zauna ƙasa, sautin ya lalace alhali lu'ulu'un da sauransa. Ƙurar hunturu tana rage kwanan allura. Gyara kuma yana nufin aikawa Turai ko Amurka ko Japan da kuɗin waje, da jigila zuwa da dawowa, da kwastan. Tsohon faifan da ya sha hannu ba ya ma buƙatar siririn yanka; mai zagayayyen baki ya fi haƙuri da shi. Burushi da ruwan wanke faifai da murfin na'ura sun fi ƙara masa kyau a kan kowace allurar zinare. In kuma faifan garmaho ne mai juyi 78, tsaginsa ya fi faɗi, allurarsa daban ce, kada a kusance shi da ta zamani.

Saura na-hannu, inda ake ganin kan dala 4,000 an sa shi rabin kuɗi, mai sayarwa yana cewa bai fi awa 100 a kai ba. Kan allura ba shi da mita, kuma cin lu'ulu'u ba ya ganuwa a hoton waya, sai da madubin ƙara girma mai ƙarfi a hannun wanda ya san abin da yake dubawa. Mai saye ya fara tambayar shekarar da aka ƙera shi, da ko an taɓa buɗe shi, da nawa kamfanin ke karɓa a yau don sake gina wannan samfurin. Ya ɗora kuɗin gyaran a kan farashin da aka yi masa tayi. In jimillar ta kusa kuɗin sabo, ya bar wa mai shi kayansa.