Me ya kamata mai keke ya riƙe kafin ya kama hanya?

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, kuɗin mota da na babur suka ninka, lamarin da ya sa wasu magidanta a karkarar jihar Katsina suka koma ga kekunan da suka jingine.

Sai dai a ƙananan hukumomin Kankara da Faskari da Sabuwa, lalacewar keke a tsakiyar hanya al'amari ne da ya shafi tsaron rai.

Yankin na cikin wuraren da suka sha fama da hare-haren 'yan bindiga. A garin Kankara ne aka sace ɗalibai fiye da 300 a watan Disamban 2020, kuma a 2021 gwamnatin jihar ta hana motocin haya bin hanyar Kankara zuwa Sheme na wani lokaci.

Don haka wanda tayarsa ta sace da la'asar, alhali mai faci yana can nesa, zai iya tura keken har duhu ya same shi a daji.

Kayan da ake buƙata

Matsalar da ta fi addabar masu keke ita ce sacewar taya, galibi saboda ƙayar aduwa ko tsaidau, ko kuma ƙusa.

Maganinta kaya ne marasa nauyi da za su shiga 'yar jaka a ƙarƙashin sirdi: gam ɗin faci, da guntayen roba, da ƙyallen samfefa, da ƙarafa biyu na zare taya. Famfo kuwa ana maƙala shi ne a jikin keken.

Ana kuma son a riƙe sifana wadda ta dace da notin ƙafafun, da filaya, da sukundireba, domin ɗaure birki ko gyara sarƙa idan ta zame.

Wanda ke da hali ya ƙara da tif guda, amma ya duba lambar da ke jikin tayarsa kafin ya saya. Manyan kekuna irin Raleigh da Phoenix, waɗanda ake ɗora wa buhu, galibi ƙafarsu inci 28 ce.

Wani abin da ake yawan mancewa shi ne 'yar siririyar robar da ke cikin bawul na irin waɗannan kekuna. Zafin rana kan sa ta tsage, iska ta riƙa fita ba tare da wata huda ba.

Yadda ake faci

Idan aka ciro tif, sai a ɗan hura masa iska a nemo hudar. Inda babu ruwan da za a tsoma shi, ana kai shi kusa da kunne ko leɓe a ji fitar iskar.

Daga nan a goge wurin da samfefa, a shafa gam kaɗan, a jira ya sha iska kafin a manna robar a danne sosai. Mannawa tun gam yana ɗanye ita ce ke sa faci ɓallewa.

Kafin a mayar da tif, wajibi ne a shafa cikin tayar da yatsa a hankali, domin ƙayar da ta yi ɓarnar kan tsaya a ciki ta sake hudawa.

Tsohuwar al'ada

Dogaro da kai a kan hanya tsohuwar al'ada ce a duniyar kekuna. A tseren Tour de France na Faransa a 1913, dokar gasar ta tilasta wa Eugène Christophe gyara kekensa da ya karye da hannunsa a wata maƙera, har aka hukunta shi saboda wani yaro ya yi masa zuga.

Ga manomi ko ɗan kasuwa mai zuwa Sheme, shirin yana farawa ne tun daga gida: a matsa tayoyi a ji iska, a gwada birki, a sa wa sarƙa mai, sannan a tabbatar gam bai bushe a cikin kwalinsa ba.

Sai kuma a ƙiyasta tafiyar yadda ko da an tsaya faci, za a isa gida kafin magariba.