Ruwan Damina a Ƙananan Garuruwa: Darasi Daga Suleja

Tun daga 1976, lokacin da aka zaɓi yankin Abuja don gina sabon babban birnin Tarayya, jama'a suka yi ta kwarara zuwa Suleja ta Jihar Neja. Gonaki suka koma unguwanni, gine-gine suka gangara har cikin kwari. A watan Yuli na 2017 ambaliya ta rushe gidaje a garin, aka yi hasarar rayuka.

Dalili a fili yake. Ƙasar noma takan shanye ruwan sama, amma kwano da siminti da kwalta ba su sha. Idan ruwa mai zurfin milimita 25 ya sauka bisa rufi mai faɗin murabba'in mita 100, zai zubo da lita 2,500, wato fiye da duro 12. In aka tara na dukan unguwa, ga lambatu ya toshe da shara, ruwan ba shi da mafita sai ɗakunan mutane. Wanda ya kwanta kuwa shi ke haifar da sauro, ya kuma gurɓata rijiyoyi.

Saboda haka ana kira ga kowane magidanci da ya kafa indararo da tanki, domin ruwan da ya tara a gida ba zai cuci maƙwabci ba. Ya bar wani sashe na tsakar gida ba daɓe. Kada ya zuba shara a kwalbati, kada kuma ya yi gini a kan hanyar ruwa. Masu unguwanni su kira aikin gayya a yashe lambatu tun kafin ruwan fari.

Rigakafi ya fi magani.