FARI DA ƘARANCIN RUWA: ABIN DA MANOMI ZAI YI TUN KAFIN SU ZO

Ya mai karatu, an rubuta wannan takarda domin manoman ƙasashen gero da dawa, tun daga Sakkwato da Katsina da Daura har Kano da Haɗeja da Barno, duk da 'yan'uwansu na Maraɗi da Tawa da Damagaram. Kadan kai dagaci ne, ko mai unguwa, muna roƙonka ka tara magidanta a ƙofar gidanka bayan la'asar, ka sa a karanta musu ita a hankali, gama maganar da ke ciki ta shafi tuwon kowane gida.

1. FARI BA BAƘO BA NE

Kakanninmu sun san shi sarai. A shekarar 1913 ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar Hausa, hatsi bai yi ba, kafin sabon gero na 1914 ya nuna mutane masu yawa suka mutu da yunwa. Ita ce yunwar da a ke kira Kakalaba. Abin da ya daɗa tsananta ta shi ne, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, waɗansu suka rage hatsi suka daɗa gyaɗa. Ga kuma haraji na kuɗi, wanda ya sa talaka sayad da hatsinsa tun da kaka.

An sake yin yunwa a 1927, da kuma 1942. Sa'an nan shekarun 1950 suka zo da ruwa mai yawa, har mutane suka saki jiki, suka yi ta saran sababbin gonaki can arewa cikin makiyaya. Sai ga fari na 1972 da 1973, dabbobi suka yi ta faɗuwa, bayansa kuma ga na 1983 da 1984. Tabkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya janye har abin da ya saura a tsakiyar shekarun 1980 bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. A watan Yuni na 1985 kogin Kwara kansa ya tsaya da gudu a Yamai.

Duba waɗannan shekaru ka ƙidaya tsakaninsu. Za ka ga da wuya mutum ya yi furfura a ƙasan nan bai ga fari sau biyu ko sau uku ba. Sabo da haka mai hankali ya kan shirya masa a shekarar ƙoshi. Ba a fafa gora ranar tafiya.

2. INDA RUWANMU YA KE FITOWA

Iska biyu ke mulkin ƙasarmu. Ɗaya tana busowa daga arewa maso gabas, daga Sahara, busasshiya ce, ita ce ta hunturu. Ɗaya kuwa daga kudu maso yamma ta ke tasowa, daga bisa tekun Atlantika, tana ɗauke da laima. Da bazara ta teku ta kan tura ta hamada arewa, inda ta kai nan hadari ke haɗuwa. Wajen Oktoba sai ta koma kudu. Domin wannan ne damina ta fi tsawo a Zariya bisa Kano, ta Kano kuma ta fi ta Damagaram.

A shekarar da iskar teku ba ta da ƙarfi, ba ta kan kai arewa da wuri ba, ba ta kuwa daɗewa. Masana sun gane cewa ɗumi da sanyin ruwan tekuna suna da hannu babba cikin wannan. Tun daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan komo, amma ya fi zuwa da ƙarfi gaba ɗaya, sa'an nan ya ɗauke. Shi ya sa a kan ga ambaliya, irin wadda ta ci Maiduguri a watan Satumba na 2024 sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle, a kan kuma ga shuka ta ƙone da tsakiyar damina.

Fari iri uku ne ga manomi. Akwai jinkirin faɗuwar damina. Akwai ɗaukewar ruwa a tsakiya, kwana goma sha biyar ko ashirin. Mafi muninsa shi ne wanda ya sami gero yana fid da kai yana bununi, gama a lokacin nan ne ido ke kamawa. Akwai kuma yankewar ruwa da wuri, wadda ta kan bar dawa da maiwa da kai ba ƙwaya.

3. RUWAN DA YA ZUBA, KADA KA BAR SHI YA TAFI

Sauko da ruwa ikon Allah ne, muna roƙonsa. Amma tsare wanda ya sauko aikinmu ne, nan kuwa mu ke hasara mai yawa. Ga lissafi. Kadan an yi ruwa na inci ɗaya, abin da ya zuba bisa eka ɗaya ya kai galan 22,600, watau garwar kananzir fiye da 5,600. A gonar da ƙasarta ta daskare, ko mai gangare, babban rabo na ruwan nan ba ya shiga ƙasa. Gudu ya ke yi zuwa rafi, ya tafi da taki da ƙasa mai kyau, ya bar maka zaizaya. Ga dabarun riƙe shi.

Na fari, kunya. Kada ka ja kunya ta bi gangare, gama kowane kwari ya zama lambatu ke nan. Ka gitta ta ga gangaren. Bayan huɗa, ka daddatse kwarin da ƙasa bayan kowane taku biyu ko uku, datsin ya gaza kunyar tsawo kaɗan, domin in ruwa ya yi yawa ya tsallake datsi, kada ya fasa kunya.

Na biyu, jeren duwatsu. Inda a ke da dutse ko marmara, ka jera su gicciye a gona, tsawonsu kamar taƙi ɗaya, tsakanin jeri da jeri taku ashirin ko talatin. Ba su hana ruwa wucewa, amma su kan rage masa gudu, ya ajiye ƙasa da dattin da ya kwaso. Gamba in an dasa ta a jere ta kan yi wannan aiki, ka kuma sami ta zana.

Na uku, tassa. Wannan ita ce maganin faƙo, inda ko ciyawa ba ta fita. Da rani ka haƙa ramuka, faɗin kowane taƙi ɗaya ko ya ɗara kaɗan, zurfinsa inci shida zuwa takwas, tsakaninsu taku ɗaya. Ƙasar da ka fitar ka tara ta a gefen rami ta wajen gangare, domin ta tare ruwa. Ka zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami, ka ɗan rufe da ƙasa. Gara za ta bi takin, ta huda ƙasa ta ƙarƙashi, hudojin nan su zama hanyar ruwa. In ruwan shuka ya sauka sai ka shuka gero ko dawa a ciki. Eka ɗaya ta kan ci rami wajen 4,000, aiki ne mai nauyi, amma da rani a ke yinsa, ramin kuwa ya kan yi shekara biyu ko uku. Wani manomi na Yatenga a Burkina Faso, Yakuba Sawadogo, wanda ya rasu a 2023, shi ya yi suna wajen gyara wannan tsohuwar dabara bayan fari. A ƙarshen shekarun 1980 waɗansu manoman Illela ta ƙasar Tawa suka je suka gani, suka komo suka yi, har aka kai ga mutane suna sayen faƙo da kuɗinsu domin su raya shi. Amma ka lura: tassa ba ta yi a jigawa mai rairayi, gama iska za ta cike ramin, ba ta kuwa yi inda ruwa ke kwanciya.

Na huɗu, taki da kara. Ƙasa mai taki ta fi riƙe laima. Kada ka ƙone karan da ya saura a gona. Ka bar shi a kwance, ya kare ƙasa daga rana da iska. Ciyawa kuwa abokiyar shan shukarka ce, sabo da haka noman firi a kan kari tsare ruwa ne.

Mutanen Barno sun daɗe da sanin irin wannan. A firki na wajen Dikwa su kan yi wa gona datsi ta sha ruwan damina, in ya janye su dasa masakwa, ta nuna da rani da laimar ƙasa kaɗai.

4. IRI DA SHUKA

Kada ka zuba dukan gonarka ga hatsi mai daɗewa. Gero ya kan nuna cikin kwana 90 ko kusa da haka, dawa irin su kaura da farafara kuwa sai sun yi wajen wata biyar. Ka haɗa gero da dawa da wake kamar yadda iyaye su ke yi, in ɗaya ya ƙi ɗaya ya yi. Akwai iri masu saurin nuna da gidajen bincike na Samaru da Maiduguri suka fitar, kamar geron da a ke kira Sosat. Ka tambayi malamin gona, ka gwada a kusurwar gona tukuna.

Binne yana da riba in ruwan fari ya zo da ƙarfi. In yayyafi ne, iri ya tsiro ya mutu. Domin haka kada ka binne iri duka. Ka ajiye na sake shuka. Ruwan shuka na gaskiya shi ne wanda in ka tona ka iske laima ta kai zurfin taƙi. Hukumar hasashen yanayi ta Nijeriya ta kan faɗi a farkon kowace shekara yadda ta ke tsammanin damina, a kan kuwa ji a rediyo. Tsammani ne, amma ya isa a saurara.

5. ITACE A GONA

Gona tsirara iska ta kan binne shukarta da rairayi, rana ta shanye laimarta. Dubi gawo: da damina ya kan zubad da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, yana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi, shi ya sa gero na gindinsa ya fi na fili. Da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne.

Ba lalle sai ka dasa ba. Kututturan da ka ke sassabewa kowace shekara, na sabara da kalgo da magarya da aduwa, saiwarsu tana da rai. Ka zaɓi reshe biyu ko uku mafi ƙarfi a kowane kututture ka bari, ka yanke sauran, ka riƙa yi musu aski. Cikin shekara uku ko huɗu sun zama itace. An fara koya wa manoman Maraɗi wannan a 1983, da hannun wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya kuwa bazu har aka kimanta itatuwan da suka tashi a kudancin Nijar sun kai miliyan 200.

6. RIJIYA DA TABKI

A yashe rijiya da rani, sa'ad da ruwa ya yi ƙasa. A ɗaure bakinta da siminti, a yi mata murfi, a yi wa dabbobi kwami nesa kaɗan. Kada a haƙa salga kusa da ita. A bar taku arba'in ko fiye, salgar kuma ta kasance ta wajen gangare. Tabki in ya ƙafe a kwashe laka a zurfafa shi, gama mai zurfi ya fi mai faɗi daɗewa, rana ba ta shansa da sauri.

Mai jinkan kwano yana da rijiya bisa kansa. Jinka mai ƙafa 30 da ƙafa 20, ruwan inci ɗaya ya kan ba da garwa wajen 78. A bar ruwan farko ya wanke kwanon, sa'an nan a tara a rufe.

Da fari mutane su kan sha abin da suka samu, nan ciwo ke shiga. An tabbatar a 2013 kurkunu ya ƙare a Nijeriya da Nijar, amma amai da gudawa da tsargiya suna nan. Ruwan tabki a tace shi, a tafasa, tun ba wanda za a ba yara ba.

7. RUMBU DA DABBOBI

Kowa ya san labarin Annabi Yusufu da shekaru bakwai na ƙoshi a Masar. Gero in an zuba shi da zangarniyarsa cikin rumbu mai kyau ya kan yi shekara biyu, har uku. A shekarar albarka ka ware rumbu guda, kada biki ko kwaɗayin kuɗin kaka su buɗe shi. Mai sayarwa da kaka da araha, shi ne mai awo da tsada da marka.

In ka ga damina ta ɓaci, ka rage dabbobi tun suna da nama. Da fari hatsi ya kan hau, dabba ta faɗi, wanda ya yi jinkiri sai ya ba da sa a kuɗin tunkiya. Harawa da kara a ɗaure su da kore, a ɗora bisa itace ko soro.

8. GA DAGATAI DA MASU UNGUWA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yasar rijiya, da haƙar tabki, da jeren duwatsu, aikin gayya ne, ku za ku kira shi. Ku hana sare gawo da satar itacen da mutum ya raya a gonarsa, gama ba mai renon abin da wani zai kwashe. Ku tsare burtali da mashaya, ku zauna da ardo tun ruwa bai yi wuya ba, domin a bakin rijiya faɗa ke tashi. In hatsi bai yi ba, ku sanad da hakimi da malamin gona tun da kaka, kada ku jira sai mutane sun fara watsewa.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da fari, amin.