Jinin al'ada: Daga wace rana ake fara ƙirga?

Duk macen da ta je awon ciki a Birnin Ƙonni, Malbaza ko Illela da ke jihar Tahoua, bayan an rubuta sunanta da shekarunta, tambayar da ungozoma za ta fara yi mata ita ce yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe.

Amsar da aka saba ji ba ta wuce bayan Sallar Layya, ko lokacin cirar albasa, ko wata Larabar kasuwar Ƙonni kafin Maulidi. Wasu matan kuwa sukan faɗi ranar da suka yi wankan tsarki, domin ita ce ranar da suka koma salla, ita suka riƙe a zuci.

Ranar da ungozoma ke nema ita ce wadda jinin ya fara zuba. A kanta ake ɗora lissafin watannin ciki, da lokacin haihuwa, da ranar fara wasu magunguna, da tazarar haihuwa. Idan ta kauce da mako ɗaya, duk abin da aka ɗora a kanta ya kauce.

Ranar farko a wurin ma'aikatan lafiya

A likitance, rana ta ɗaya ita ce ranar da jan jini ya fara zuba sosai, har mace ta buƙaci ƙunzugu. Ɗigon da wasu mata ke gani kwana ɗaya ko biyu kafin nan, mai launin ƙasa-ƙasa ko ja-ja mara kauri, ba ya shiga wannan lissafi.

Daga wannan rana ake ƙirgawa har zuwa jajibirin zuwan jini na gaba. Adadin kwanakin da aka samu shi ne tsawon zagayen al'adar mace. Kwana 28 da ake yawan ambata matsakaici ne kawai, domin daga kwana 21 zuwa 35 duk lafiya ne ga babbar mace. Zubar jinin kanta takan ɗauki kwana biyu zuwa bakwai.

Ƙwan mace yakan fito ne kamar kwana 14 kafin zuwan jini na gaba. Ke nan mai zagayen kwana 28 za ta saki ƙwai wajen rana ta 14, mai kwana 32 kuma wajen rana ta 18. Ƙwan ba ya wuce kwana guda a raye, amma maniyyi na iya kai kwana biyar a jikin mace. Shi ya sa kwanakin da ake iya ɗaukar ciki suka kai kamar shida a kowane zagaye.

Ranar farko a wurin malamai

Yawancin 'yan mata a ƙasar Ƙonni da Adar sun fara jin bayanin haila ne a makarantar Islamiyya ko ta zaure, cikin littattafan Malikiyya irin su Ahalari da Ishmawi da Risala. A nan ma'aunin daban ne, domin abin da ake nema shi ne sanin lokacin ajiye salla da azumi.

A mashhurin zancen mazhabar, ko sau ɗaya jini ya tunkuɗo haila ne ta fuskar ibada, haka ma ruwa fatsi-fatsi ko gurɓatacce. Matar da ta ga hakan ana dab da faɗuwar rana a watan Ramadan, azumin wannan yini sai ta rama shi.

Littattafan sun ƙayyade kwana 15 a matsayin iyakar haila ga mai farawa. Wadda ta saba kuwa, idan jini ya zarce mata, za ta ƙara kwana uku a kan mafi tsawon al'adarta muddin ba ta haura 15 ba. Mafi ƙarancin tsarki tsakanin haila biyu shi ma kwana 15 ne, kuma ana gane tsarki da bushewa ko fitowar farar kumfa.

Saboda haka mace ɗaya na iya samun ranar farko guda biyu a wata ɗaya. Ta ga ɗigo ranar Talata ta ajiye salla, jinin bai ɓalle ba sai Alhamis. Talata ce ranarta ta ibada, Alhamis ce ranar da za ta faɗa wa ungozoma. Kowanne lissafi da aikinsa, kuma babu wanda ya soke wani.

Akwai wuri guda da ya kamata a yi hattara. Malikiyya sun yarda mai ciki na iya ganin haila, har sun tanadar mata hukunci. Wannan ya shafi sallarta ne. A ɓangaren lafiya kuwa, duk jinin da mai ciki ta gani, komai ƙanƙantarsa, dalili ne na zuwa asibiti.

Lissafin da ke haddasa zargi

Jihar Tahoua ta yi suna wajen tafiya ci-rani. Magidanta da dama daga Illela, Tajaye da Badagishiri sukan shafe watanni a Abijan, Legas ko Libiya, su zo gida na ɗan lokaci su koma. Ga irin waɗannan gidaje, rashin fahimtar yadda asibiti ke ƙirga ciki na iya taɓa aure.

Asibiti na fara ƙirga makonnin ciki ne daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, wato kamar mako biyu kafin cikin ya shiga.

Ga misali. Jini ya zo wa mace ranar 3 ga Janairu, mijinta ya dawo ranar 15 ga watan, ciki ya shiga a kwanakin da suka biyo baya. Ranar 28 ga Maris za a rubuta mata ciki na mako 12 a katin awo, alhali maigidan mako 10 ne da 'yan kwanaki da dawowarsa. Mijin da ya ƙirga da yatsu bai san wannan ƙa'ida ba, sai ya ga kamar cikin ya riga shi isowa. Lissafin daidai yake, kuma makonni biyun nan suna cikin katin kowace mai ciki a duniya.

Hoton ciki, wanda ake kira eko a Nijar, sikanin a Najeriya, shi ma da wannan ma'auni yake bayar da amsa. A watanni ukun farko kuskurensa bai cika wuce mako guda ba. A watannin ƙarshe kuwa yana iya kaucewa da mako uku, don haka hoton da aka ɗauka ciki ya tsufa ba hujja ba ne a kan ranar da ya shiga.

Abin da ke rataye da ranar

Daga ranar farko ake ƙirga kwana 280, wato mako 40, don hasashen haihuwa. Hanya mai sauƙi ita ce a ƙara kwana bakwai da wata tara na kalandar Bature. Wadda jininta ya fara ranar 10 ga Janairu za ta sa rai wajen 17 ga Oktoba. Jarirai kaɗan ne ke zuwa a ainihin ranar, amma ita ke nuna ko naƙuda ta zo da wuri, kafin mako 37, ko ciki ya wuce lokaci.

Wannan na da muhimmanci ga matar ƙauye da aka ce ta haihu a babban asibiti, ko na gunduma a Ƙonni ko na Galmi da ke gundumar Malbaza. Sanin watan haihuwa shi ke ba iyali damar tanadin kuɗin mota, musamman idan lokacin ya faɗo cikin damina.

Maganin SP, wanda aka fi sani da Fansidar, da ake bai wa masu ciki don kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ba a fara shi sai ciki ya kai mako 13. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar zuwa awo sau takwas, na farko cikin mako 12 na farko, da hoton ciki kafin mako 24. Duk waɗannan makonni daga rana guda ake ƙirga su.

Haka abin yake a tazarar haihuwa, wadda gwamnatin Nijar ta ayyana magungunanta kyauta a asibitocinta tun 2006. Ƙwayar sha ta yau da kullum na fara kariya nan take idan an soma ta cikin kwana biyar na farkon jini, allura kuma cikin kwana bakwai.

Carbin ƙirga kwanaki da masana a Jami'ar Georgetown ta Amurka suka ƙirƙiro yana da duwatsu 32. Ja shi ne ranar farko, farare 12 kuma su ne rana ta 8 zuwa ta 19, lokacin da ake iya ɗaukar ciki. Yana aiki ne kawai ga mai zagayen kwana 26 zuwa 32. Wadda ta fara ja daga ranar wankan tsarki ta gusar da fararen duwatsun da kusan mako guda, ba ta sani ba.

Yadda za ki riƙe ranar

Ki rubuta ranar a daren da jinin ya ɓalle, a kalanda, a bayan katin asibiti ko a waya. Idan da watan Musulunci kike ƙirga, ki haɗa da ranar mako da kwanan watan Bature, domin da shi asibiti ke aiki. Manhajojin waya na taimakawa, sai dai abin da kika ba su shi suke juyawa. Wata uku zuwa shida a jere sun isa ki san tsawon zagayenki.

Akwai matan da wannan lissafi ba zai yi musu aiki ba. Mai shayarwa na iya ɗaukar ciki kafin ta ga jinin farko bayan haihuwa, abin da ake kira kwanika ko rurrutsa. Mai allurar wata uku takan ga ɗigo babu tsari, ko jinin ya ɗauke gaba ɗaya. Wata kuma takan ga ɗan jini a farkon ciki ta ɗauka al'ada ce. Irin waɗannan su faɗa wa ungozoma gaskiyar abin da suka gani, a nemi hoto da wuri.

Jinin da ya wuce kwana takwas, ko mai jiƙa ƙunzugu duk awa, ko ɗaukewar al'ada wata uku ba ciki ba shayarwa, duk na buƙatar ganin ma'aikacin lafiya.

Magidancin da ke nesa kuma, idan an turo masa hoton katin awo ta WhatsApp, ya cire mako biyu daga abin da ya gani kafin ya fara nasa lissafin.