Takardar Ragi da Kuɗin Cefane

 A yau za mu yi magana a kan wata 'yar takarda wadda ba ta kai tafin hannu ba, amma tana iya ƙara wa tukunyar gida auki, tana kuma iya rage mata. Ita ce takardar ragi ta manyan kantuna. Waɗanda suka zauna a Amurka ko Ingila, da waɗanda suke da 'ya'ya masu karatu ko aiki a can, sun san ta sarai. Akan same ta cikin jaridar ranar Lahadi, ko ta zo cikin wasiƙa, ko ta fito tare da rasit a wurin biya. Yanzu kuwa yawancinta cikin wayar hannu take. Abin da take faɗi ɗaya ne: in ka sayi abu kaza, za a rage maka kuɗi kaza.

Bari mu fara da abin da muka saba. A kasuwarmu mai kaya yakan sa suna, ka taya, ya ce albarka, ka ƙara, ya sallama. In ka auni gero mudu da yawa, ya yi maka gyara. A babban kanti babu tayi, babu albarka, gama an riga an manna farashi a jikin kowane abu. Amma mai kanti ya san masu saye iri biyu ne. Akwai mai hali wanda ba ya duban farashi, akwai kuma wanda kwabo ɗaya yakan juya shi zuwa wani kanti. In ya rage wa kowa, ya zubar da ribar da zai ci wurin mai hali. Saboda haka sai ya bar farashi yadda yake, ya buga takarda, wanda ya yi wahalar nemanta ya kawo, shi ne za a rage wa. Watau takardar ragi ciniki ne da aka rubuta.

Abin ya daɗe. A wajen 1887 kamfanin Coca-Cola a Atlanta ya fara raba takardun da mutum zai kai ya sha kofi ɗaya kyauta, don mutane su ɗanɗana su saba. A 1909 wani mai suna C. W. Post ya buga takardar ragin santi ɗaya a kan abincin karin kumallonsa mai suna Grape-Nuts. Sa'ad da tattalin arzikin Amurka ya karye a shekarun 1930, iyalai da yawa suka shiga yanko waɗannan takardu don kuɗin cefane ya kai. Mu lura da mafarin: ba don tausayin talaka aka ƙirƙiro ta ba, don talla ne. Ba mu ce wannan laifi ne ba. Ɗan kasuwa yana neman abincinsa. Sai dai mu tuna, banza ba ta kai zomo kasuwa.

Takardun iri biyu ne. Akwai ta kamfanin da ya yi kayan, akwai ta kantin da yake sayarwa. In ta kamfani ce, kanti yana rage maka, sa'an nan ya tara takardun ya aika, kamfani ya biya shi abin da ya rage, har da ɗan ladan wahala, wanda a Amurka yakan kai santi 8 a kan kowace takarda. In ta kanti ce, daga ribarsa yake yanka. Sanin wannan yana da amfani, domin kantuna da yawa a Amurka suna yarda a haɗa ɗaya ta kamfani da ɗaya ta kanti a kan abu guda, amma ba sa karɓar biyu na kamfani a kan abu guda. Kowane kanti da ƙa'idarsa, a tambaya kafin a cika kwando.

To, yaushe ne takardar take zama riba? Sa'ad da ta rage kuɗin abin da dā ma za mu saya. Nan maganar take duka. A ce uwargida ta rubuta shinkafa da mai da sabulu, ta sami takardar ragin dala 1 a kan irin sabulun da take saye kullum. Wannan dala ta shiga aljihunta. A ce kuma ta ga takardar ragin dala 2 a kan wani biskit na dala 6 wanda bai taɓa shiga lissafinta ba, ta ɗauka. A ƙasan rasit za a rubuta mata cewa ta tsira da dala 2. Ƙarya ce mai daɗin ji. Ta kashe dala 4 da ba ta yi niyya ba. Don haka muke cewa a fara rubuta abin da gida yake bukata, sa'an nan a duba takardu. Wanda ya fara da takardu, kamfani ne ya rubuta masa cefanensa.

Akwai wata irin da ta fi yawa a Ingila, wadda takan ce in ka kashe fam 40 za a rage maka fam 5. In cefanen mako dā ma ya kai fam 40, madalla. In fam 38 ne, a ƙara gishiri ko ashana ko wani abin da ba ya lalacewa, an ci riba. Amma in cefanenka fam 28 ne, ka shiga zagaya kanti kana neman abin fam 12 don ka cike, za ka biya 35 maimakon 28. Garin neman gira an rasa ido. Mun ga mutane masu hankali, masu iya lissafi a wurin aikinsu, suna faɗawa cikin wannan, domin zuciya ba ta son a ce an ba ta kyauta ta bari.

Har wa yau, yawancin takardun kamfani a kan kaya masu suna suke, waɗanda ake tallarsu a talabijin. Kusa da su a kan kanta akwai irin kayan da kantin ya sa wa sunansa, sau da yawa sun fi araha ko da an cire ragin. A manyan kantunan Ingila da wurare da yawa a Amurka, ana rubuta farashin kowane kilo ko lita da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin babban farashi. Wannan ƙaramin rubutu shi ne mudu. Da shi ake gane ko babban kwali ya fi ƙarami sauƙi, ko kuwa kwalin ne kawai ya yi girma. In ido ba ya gani sosai, a tafi da tabarau, ba abin kunya ba ne.

Za ku kuma lura da wuya a ga takardar ragi a kan tumatir ko albasa ko alayyafo. Ta fi fitowa a kan kayan zaƙi, da lemon kwalba, da abincin gwangwani, da kayan wanki. Na wanki da man goge baki da irinsu, in an sami ragi mai kyau, a saya a ajiye, ba sa ruɓewa. Amma madara da burodi suna da ranarsu. Wanda ya sayi uku don an ce na ukun kyauta ne, ya zubar da biyu, bai ci riba ba, ya kuma yi ɓarnar abinci. In abin ya fi ƙarfin gida, akwai maƙwabci, akwai ɗalibin da kuɗinsa ya ƙare kafin ƙarshen wata, akwai kuma ɗakunan tara abinci domin mabukata waɗanda ikilisiyoyi da yawa a ƙasashen nan suke riƙe da su.

Wani labari zai nuna mana halin zuciyarmu. A 2012 wani babban kantin tufafi na Amurka, J. C. Penney, ya daina ba da takardun ragi, ya ce zai sauke farashi gaba ɗaya kowa ya saya da sauƙi. Sai mutane suka guje shi. Cinikinsa ya faɗi da wajen kashi ɗaya cikin huɗu a shekarar, a watan Afrilu na 2013 aka sallami shugabansa, aka komo da takardu. Ashe mun fi son a ɗaga farashi a rage mana, da a faɗa mana gaskiyar kuɗin tun farko.

Yau kantuna da yawa sun ɗaure ragi a jikin katin abokin ciniki. Tesco na Ingila ya fito da nasa a 1995. Duk lokacin da aka miƙa katin, kanti yana rubuta abin da ka saya, da rana, da yawa, sa'an nan ya aiko maka da takardun da suka dace da halinka. Da labarin gidanka kake biyan wannan ragi, ya kamata ka sani. Ko ragin na gaske ne? A Nuwamba 2024 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta duba kaya kusan 50,000, ta ce kashi 92 cikin 100 ragi ne na gaske a kan farashin da kantin ya saba. Amma ta ƙara da cewa wannan ba ya nufin babu wani kantin da ya fi araha. Sai dai a sa kuɗin mota da lokaci cikin lissafi, kada a ƙona man dala 3 don a tsira da dala 1.

Sai batun gaskiya. A kwafi takarda, ko a miƙa ta a kan abin da ba nata ba da fatan mai karɓar kuɗi ba zai lura ba, wannan sata ce, komai ƙanƙantar kuɗin. A 2021 wata kotu a jihar Bajiniya ta ɗaure wata mata shekara 12 saboda buga takardun ragi na jabu da suka jawo asarar sama da dala miliyan 31. Akwai kuma saƙonnin da suke yawo a WhatsApp da Facebook, har a wayoyinmu na gida, suna cewa wani babban kanti yana rabon takardar kyauta, ka latsa nan, ka tura wa mutum ashirin. Kada mu tura, ko da daga zumuntar mata ko ta matasa ya zo. Kanti na gaske ba ya neman lambar sirrin katin bankinka kafin ya rage maka kuɗin sabulu.

Abin da ya fi damunmu shi ne tsofaffi. Da ragi ya koma cikin waya, wanda ba shi da babbar waya, ko bai iya latse-latse ba, shi ne yake biyan cikakken farashi, sau da yawa kuwa shi ne ya fi bukatar ragin. Har birnin San Diego na jihar Kalifoniya ya kafa doka a 2025 cewa kantunan abinci su ba waɗanda suka shigo kanti hanyar samun irin ragin da ke cikin waya. A inda babu irin wannan doka, aikin ya rage ga 'ya'ya da jikoki. Kafin Mama ta fita cefane, a zauna da ita, ta faɗi abin da za ta saya, a latsa mata takardun waɗannan kaɗai a kan katinta, a rubuta mata a takarda wane iri ne da girman kwalin, domin in ta ɗauki ƙarami alhali na babba aka rubuta, na'urar wurin biya ba za ta rage kome ba.